Yadda ake samun kwangila a kamfanin gem da tsallake intabiyunsu daga nan Gombe

Da wuya sati ya wuce wani yaro bai tare ni ba, ko a ƙofar masallaci a Tudun Wada ko a wajen masu cajin waya, ya ce: "Yaya, an ce daga ɗaki kake yi wa Turawa aikin gem, ni ma a saka ni a hanya mana." Abin da nake fara tambayarsa shi ne, me ka taɓa haɗawa da hannunka har ka gama? Yawanci sai a yi shiru, can kuma a ce ai duk unguwar babu mai cin sa a ƙwallon PlayStation. Wannan rubutu na irin waɗannan ƙannen nawa ne, maza da mata. Iya buga gem daban, iya haɗa shi daban. Wanda zai ba ka kwangila daga wata ƙasa bai san ka ba, bai san gidanku ba, babu wanda zai tsaya maka a wurinsa. Abu ɗaya yake so ya tabbatar, tun daga wasiƙarka ta farko har ranar sa hannu: in an bar ka kai kaɗai da aiki, za ka gama shi a kan lokaci?

Ka fara sanin abin da kake nema. Ɗan kwangila ba ma'aikacin kamfani ba ne. Ba shi da fansho, ba shi da hutun da ake biya, babu kuɗin asibiti, kwamfutarsa da datarsa da man janaretansa duk daga aljihunsa. Ana ɗaukarsa don wani aiki takamaimai, na sati shida ko wata uku, in ya ƙare a yi sallama. Kada ka ɗauka kuma masu albashin suna kwance kan katifa: a watan Janairun 2024 kaɗai Microsoft ya sallami mutum 1,900 daga ɓangaren gem, Riot Games ya sallami 530, a Fabrairu Sony ya bi da 900. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwararru sun koma neman kwangila, ke nan da su za ka yi gogayya. Amma ga mutumin Gombe ko Bauchi, wanda samun biza da takardar izinin aiki a Turai ke yi wa wuya, ƙofar kwangila ita ce a buɗe.

Mataki na farko: ka tsaya a kan sana'a ɗaya

Gem ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai rubuta kod, akwai mai zane, akwai mai motsa zanen, akwai mai sauti, akwai mai gwaji wanda aikinsa farautar tangarɗa, akwai mai fassara. Wanda ya rubuta a takardarsa cewa duk ya iya, to ya nuna bai ƙware a ko ɗaya ba.

In kod ne, injuna uku ne suka fi tashe, wato manhajojin da ake gina gem a kansu. Unity na amfani da yaren C#, kuma mafi yawan guraben gem ɗin waya da za ka ci karo da su shi suke nema. Unreal na kamfanin Epic Games yana tafiya da C++, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. A kan laftof ɗin da ɗalibin jami'ar jiha ko ta Kashere ke iya saye, wahala kawai za ka sha. Godot kyauta ne gaba ɗaya, ba shi da nauyi, ko da 'yar data kaɗan za ka sauke shi. Shawarata: ka koyi tunanin gem da Godot in kwamfutarka mai rauni ce, amma in kuɗin kwangila kake so da wuri, Unity. Mai zane ya rungumi Blender, shi ma kyauta ne. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 ya saka haɗa gem cikin fannonin da yake koyarwa, haka kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya yi ta horar da matasa ta intanet a shirinsa na GameUp Africa.

Gwaji kuwa, wanda mutane ke rainawa, shi ne ƙofa mafi kusa da mu. Kamfanin da ke son gem ɗinsa ya yi aiki a Afirka yana bukatar ganin yadda yake a kan Tecno ko Itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Wannan wayar tana aljihunka, wannan sabis ɗin shi kake fama da shi kullum.

Mataki na biyu: ka gama ƙaramin abu

A nan mafi yawan yaranmu ke faɗuwa. Kowa so yake ya fara da gem mai gari guda, da motoci da bindigogi, sai wata takwas su wuce babu abin nunawa. Ni dara nake cewa a fara da ita, wadda dattawa ke bugawa a ƙasa a gindin bishiya. Ramuka 30 ne, jeri biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, a fara ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsawa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Ƙarama ce, amma duk abin da kamfani ke son gani yana ciki: dokoki, juyin wasa tsakanin mutum biyu, allon farawa, sauti, ajiye wasa a ci gaba daga baya, in ka matsa har da kwamfutar da za ta kara da mutum. Kuma mai duba takardunka ya gaji da ganin gem iri ɗaya da kowa ya kwafo daga darussan YouTube. Dara za ta sa ya tsaya ya tambaye ka, kai kuma ka samu abin faɗa.

Ka saka Hausa a ciki tare da Turanci. Nan take za ka gamu da matsalar da ta kan zama abin alfahari a intabiyu: yawancin salon haruffan da ake samu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga ɗan akwati fanko a inda ya kamata harafin ya fito. Neman salon da ke da su, da shigar da su cikin jerin haruffan da injin zai zana, aiki ne na gaske da masu fassara gem ke biyan kuɗi a yi musu.

In ka gama, ka ɗora a itch.io, shafin da masu haɗa gem ke baje ayyukansu, ba a biyan ko sisi. Ka yi wanda za a buga kai tsaye a burauza, domin babu mai ɗaukar ma'aikata da zai sauke fayil daga baƙo ya saka a kwamfutarsa. Ka haɗa bidiyon minti ɗaya. Kod ɗin ya hau GitHub, shafin ajiye kod, zane ya hau ArtStation, shafin baje kolin masu zane. Sannan duk watan Janairu akwai Global Game Jam, inda ake haɗa gem cikin awa 48. Shiga irinsa tare da mutane biyu ko uku na nuna ka iya aiki da wasu. Ayyuka uku gamammu sun wadatar.

Wuta da sabis

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka aika takarda ko ɗaya, ka warware maganar wuta. Duk wanda ke ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Jos, daga Gombe har Bauchi, ya san ba a ɗora alkawari a kan wutar gwamnati. Ƙaramin sola da batir da inbata da za su riƙe laftof da na'urar intanet awa shida sun fi maka sabuwar waya. Ka mallaki layi biyu na kamfanoni daban-daban, ka gwada wanne ya fi ƙarfi a ɗakinka da safe, wanne da dare. Mai hali ya kan saka Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, wasu ma haɗa kuɗi suke su uku ko huɗu. Ka tuna fayilolin aikin gem manya ne, sabon kwafi ɗaya na iya cinye datar da kake yin sati da ita.

Neman aikin

Ana samun gurabe a shafukan neman aiki irin su LinkedIn, da Hitmarker, da Work With Indies, da zaurukan masu haɗa gem a manhajar hira ta Discord. Manyan kamfanoni sukan miƙa gwaji da fassara da zane ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Keywords Studios mai hedikwata a Dublin. A nahiyarmu akwai Leti Arts a Gana, da Kiro'o Games a Yawunde, da Carry1st a Afirka ta Kudu. Ka karanta talla da kyau, domin sau da yawa "aiki daga gida" na nufin daga gida a cikin Amurka ko Turai kawai. Kada ka yi ƙaryar inda kake, ranar biya asiri zai tonu.

Wasiƙarka kada ta wuce layi takwas. Babu doguwar gaisuwa, babu "a taimaka mini don Allah". Ka faɗi aikin da kake nema, abin da ka yi mai kama da shi, adireshin da za a danna a gani, da awannin da kake samuwa.

Akwai 'yan damfara a wannan hanya, kuma sun iya shiga rigar manyan kamfanoni. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ko na sayen kayan aiki, ɓarawo ne. Wanda ya yi maka intabiyu ta rubutu kawai a Telegram ya ce an ɗauke ka, haka. Ka duba adireshin imel ɗin, ya ƙare da sunan shafin kamfanin na gaskiya? Har jarrabawar bogi ake turowa mai ɗauke da manhajar sata, don haka kada ka kunna kod ɗin baƙo a kwamfutar da kake shiga banki da ita.

Jarrabawar gida

In sun ga alamar za ka iya, wani zai kira ka na minti 20 zuwa 30 don ya ji Turancinka da farashinka da lokacinka. Bayan nan sai jarrabawa. Mai kod a ce ya haɗa ƙaramin abu cikin kwana biyu ko uku, mai zane a ba shi hoto a ce ya fitar da irinsa, mai gwaji a ba shi gem a ce ya rubuto abin da ya gano.

Ka yi abin da aka tambaya daidai, kada ka ƙara kwalliyar da ba a nema ba alhali ainihin aikin na ɗingishi. Ka haɗa da 'yar takarda mai bayanin awa nawa ka ɗauka, me ka bari saboda lokaci, me za ka gyara da an ƙara maka kwana. Wannan takarda kan yi tasiri fiye da yadda kake zato, don ita ce samfurin rahoton da za ka riƙa turo musu daga nesa.

Ga mai gwaji, "gem ɗin yana maƙalewa" ba rahoto ba ne. Rahoto shi ne: a kan waya kaza mai Android kaza, kwafi mai lamba kaza, na shiga shagon cikin gem, na danna saye, sai kira ya shigo, da na katse na dawo allo ya yi baƙi, abin da ya kamata shi ne a dawo da ni shagon, na gwada sau biyar ya faru sau huɗu, ga bidiyo. Wanda ya karanta zai iya maimaita matsalar ba tare da ya neme ka ba. Irin wannan ake zubawa a Jira, manhajar da kamfanoni ke bin diddigin aiki da tangarɗa da ita, ka koyi yadda take tun yanzu.

In kuwa jarrabawar za ta ci maka sati guda, kuma ka ga abu ne da za su iya sakawa kai tsaye a gem ɗinsu, ka tambaya cikin ladabi ko ana biya. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ranar intabiyu

Ka fara da agogo. Ƙarfe 10 na safe a Kalifoniya ƙarfe 7 na dare ne a Gombe daga Nuwamba zuwa farkon Maris, sauran watanni kuma 6 na yamma, wato dab da magariba. Landan muna gabanta da awa ɗaya lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya. Mu ba ma canza agogo, su suna canzawa, don haka ka duba ranar da kanta. In lokacin ya faɗa kan sallah ko Juma'a, ka nemi a matsar tun da wuri, ka ba su zaɓi biyu. Ban taɓa ganin an ƙi ba.

Ka cika batir tun safe. Ka zauna inda haske ke dukan fuskarka, taga a gabanka. Ka roƙi mutanen gida su riƙe yara na awa ɗaya, janareta ya yi nesa da ɗakin, ka sa abin kunne mai waya. Da an gaisa ka ce musu in sabis ya yanke za ka dawo da ɗaya layin cikin minti biyu. Faɗin haka tun farko na nuna ka san inda kake zaune kuma ka yi tanadi.

Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai a gaban babba tana da kyau a zaure, amma a nan za a fassara ta da rashin tabbas. Ka dubi kyamara. Kuma kada kawaici ya sa ka yi ta cewa "mun yi" a kan abin da kai ka yi. Ka ce ni na rubuta wannan ɓangare, abokina ya yi wancan.

Za su buɗe aikinka su ce ka bi da su ciki. Me ya sa ka tsara shi haka? Wace matsala ce ta fi ba ka wuya? Nan labarin haruffa masu lanƙwasa zai yi maka rana. Mai kod ya shirya wa lissafin bekta, wato lissafin inda abu ya fuskanta da nisansa. Tambayar da ta yi suna ita ce, yaya za ka gane abokin gaba yana gaban ɗan wasa ne ko bayansa? Ka ɗauki inda ɗan wasa ya fuskanta, da layin da ya tashi daga shi zuwa abokin gaban, ka yi musu lissafin da ake kira dot furodak: in sakamakon ya haura sifiri yana gaba, in ya gaza sifiri yana baya. Ka san cewa gem mai nuna hoto 60 a sakan ɗaya yana da milisakan 16.6 kacal don gama duk lissafin kowane hoto, mai 30 kuma 33.3. Ka san dalilin da ya sa ake ajiye harsasai a rumbu ana sake amfani da su maimakon ƙirƙirar sabo a kowane harbi, wato don kada sharar ƙwaƙwalwa ta taru gem ya riƙa sarƙewa. Ka iya Git, manhajar da ke adana kod da tarihin canje-canjensa, ka kuma san manyan kamfanoni da yawa takwararta Perforce suke amfani da ita.

In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, amma ga yadda zan bi in gano. Ka yi tunaninka a bayyane su ji. Kuma ka buga gem ɗinsu kafin ranar, ko na awa biyu ne, ka zo da abu ɗaya da ya burge ka da ɗaya da kake ganin za a iya gyarawa.

In sun ce ko kana da tambaya, kada ka ce babu. Wa zai riƙa duba aikina? Awa nawa ake so mu haɗu a kan layi kullum? Ta yaya gem ɗin ke samun kuɗi? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci gare mu, domin kaso mai yawa na kwangilolin gem ɗin waya na caca ne ko mai kama da caca. Gara ka sani tun kafin ka sa hannu, ka yanke wa kanka hukunci da addininka a gabanka.

Takardar yarjejeniya

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk da haka mu ne kan ji kunyar cewa a rubuta. Kwangilata ta farko da wani ƙaramin kamfani a bakin saƙon waya muka ƙulla ta. Aikin wata ɗaya ya koma wata uku, kullum "ɗan gyara kaɗan", kason ƙarshe na kuɗin kuma har yau bai zo ba. Ba ni da takardar da zan ɗaga, kuma babu kotun da zan kai mutumin da ke wata nahiya a kan kuɗin da bai kai na lauya ba.

Saboda haka ka tabbata an rubuta ainihin abin da za ka miƙa, da adadinsa, da ranarsa. A rubuta sau nawa za a dawo maka da aiki don gyara, biyu ya isa, abin da ya wuce nan sabon ciniki ne. A raba aikin zango-zango, kowane zango da kuɗinsa: in misali dala 900 ce, a ba da 300 kafin a fara, 300 a tsakiya, 300 a ƙarshe, kuma kada ka shiga zango na gaba ba a biya na baya ba. Kamfanoni da yawa kwana 30 suke ɗauka bayan ka aika takardar neman biya, wasu 60, ka san wanne ne naka don kada ka ci bashi a kan kuɗin da bai iso ba. A faɗi kwana nawa za a sanar da kai in za a soke aikin, da cewa za a biya abin da ka riga ka yi.

Kusan kullum aikin da ka yi mallakarsu ne, wannan ba abin faɗa ba ne. Amma ka nemi a ce mallakar na komawa gare su bayan an biya. Ka lura da sharaɗin da zai hana ka yi wa wani kamfanin gem aiki, ɗan kwangila ba ya rayuwa da abokin ciniki ɗaya. Za su ba ka takardar riƙe sirri, wadda suke kira NDA. Ka ɗauke ta da gaske: hoton allo ɗaya a sitatus ɗin WhatsApp don abokai su gani ya isa ya kore ka, kuma duniyar masu gem ƙarama ce, labari na zagawa.

Wajen yanka farashi, ka lissafa data, da mai, da lalacewar batir da kwamfuta, da haraji, da watannin da za ka zauna babu aiki, sannan ka raba da kwanakin da za ka yi aiki da gaske. Wanda ya karya farashi don a ɗauke shi, da wuya ya iya ɗaga shi a wurin mutanen nan daga baya.

Karɓar kuɗi

Ka buɗe asusun dala a bankinka, ka kuma buɗe Payoneer, asusun karɓar kuɗi daga ƙetare ta intanet, don kamfanoni da yawa ta nan suke biya. Sunanka ya zama iri ɗaya harafi da harafi a katin ɗan ƙasa, da BVN, da fasfo, da yarjejeniyar. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a riƙe kuɗinka makonni. In ta banki za a turo, bankunan da ke tsakiya na yankar nasu, a rubuta wa zai ɗauki wannan. Kamfanin Amurka zai turo maka fom mai suna W-8BEN, shaidar cewa kai ba mai biyan harajinsu ba ne, cika shi ba ya ɗaukar minti goma. Harajinka na hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune ne, don haka ka adana kowace takardar biya. In aiki ya fara kankama, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na sauƙaƙa hulɗa da banki.

Da an fara aiki, kullum kafin ka rufe kwamfuta ka aika layi uku: abin da na gama yau, abin da zan yi gobe, abin da ya tare ni. In ka hango ba za ka cika alkawarin Alhamis ba, ka faɗa tun Litinin. Ka tura aikinka ma'ajiyarsu kowace rana, kada ya kwana a laftof ɗinka kaɗai. Saura sati biyu kwangilar ta ƙare, ka tambayi wanda ke duba aikinka ko akwai wani zangon a gaba, ka roƙe shi ya rubuta maka shaida a LinkedIn tun yana tuna ka, ka tabbatar da yadda za a rubuta sunanka a jerin waɗanda suka yi gem ɗin, sannan ka karɓi izini a rubuce na ɓangaren da za ka iya nunawa a kundin ayyukanka ranar da gem ɗin ya fito kasuwa.